Ƙasa Mai Faɗa A Ji A Duniya: Ribarta Da Abin Da Take Biya

Idan muka ce ƙasa mai faɗa a ji a duniya, muna nufin wadda ƙarfin sojanta da dukiyarta da tasirin siyasarta suke kaiwa kowace nahiya. Ingila ta riƙe wannan matsayi a ƙarni na 19. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai ya koma hannun Amurka da Tarayyar Sobiyet. Da Sobiyet ta wargaje a watan Disamba na 1991, Amurka ta saura ita kaɗai, ga kuma Sin tana tasowa a yau. Za mu ɗauki Amurka misali, domin tasirinta ne ya fi taɓa rayuwarmu.

Ribar da ke ciki

Ta farko ita ce kuɗi. A taron Bretton Woods na 1944 aka mayar da dala ginshiƙin kuɗin duniya. Ko bayan da shugaba Nixon ya raba dala da zinari a 1971, ba ta rasa matsayinta ba: da ita ake yawancin cinikin man fetur, kuma fiye da rabin ajiyar kuɗin waje na manyan bankunan ƙasashe dala ce. Ma'anar wannan, Amurka tana cin bashi da kuɗin da ita take bugawa, alhali talakar ƙasa sai ta sayar da auduga ko koko ko yuraniyom kafin ta samu dalar biyan nata bashin.

Ta biyu ita ce kujera a inda ake yanke hukunci. Amurka na cikin ƙasashe biyar masu ikon hawa kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuwa, manyan shawarwari sai sun samu kashi 85 cikin ɗari na ƙuri'u, ita kuma tana riƙe da fiye da kashi 16. Ke nan ba za a zartar da irin waɗannan shawarwari ba sai da yardarta.

Ta uku ita ce takunkumi. Tunda cinikin duniya yana bi ta bankunanta, tana iya matsa wa wata ƙasa lamba ba tare da harba harsashi ba, kamar yadda ta yi wa Iran shekara da shekaru.

Abin da ake biya

Na farko shi ne nauyin soja. Amurka tana kashe fiye da dala biliyan 800 a kan tsaro kowace shekara, kuma bashin gwamnatinta ya haura dala tiriliyan 35 a 2024. Ba soja ne kaɗai ya jawo bashin ba, amma kowace dala da ta tafi sansani ba ta je asibiti ko makaranta ba.

Na biyu shi ne rayuka. Sojojinta fiye da 58,000 suka mutu a Biyetnam, kusan 4,500 a Iraƙi bayan mamayar 2003, kusan 2,400 a Afganistan tsakanin 2001 da 2021. Mutanen ƙasashen da aka yi yaƙin a cikinsu kuwa, waɗanda suka rasa sun ninka haka sau da yawa.

Na uku shi ne zubewar kwarjini. Duk wanda ya sa hannu a rigimar kowa, to kowa zai ɗora masa laifi. Mun ga misali kusa da gida: Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, amma a watan Maris na 2024 hukumomin Nijar suka soke yarjejeniyar soja, kuma zuwa Satumba sojojin sun gama ficewa.

Yadda nauyin yake kayar da ɗaukaka

Ingila ta fito daga yaƙin duniya na biyu da nasara, amma aljihunta ya ƙare. Ta karɓi rancen dala biliyan 3.75 daga Amurka a 1946, ba ta gama biya ba sai 2006. A 1956, da ta haɗa kai da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari kan mashigin Suwez, Amurka ta matsa mata ta fuskar kuɗi, dole ta janye. Ita ma Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979, ta fita a 1989 bayan asarar sojoji kusan 15,000, ga tseren makamai ya gajiyar da tattalin arzikinta. Ba a yi shekara uku ba ta rabu ƙasashe 15.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddima cewa daula takan kafu ne bisa haɗin kan mutanenta, sannan jin daɗi ya ƙaru, kuɗin soja ya ƙaru, haraji ya yi nauyi, har rauni ya shigo daga cikin gida. Ɗalibin da ke karanta labarin manyan ƙasashe, muna ba shi shawara ya riƙa yin tambaya biyu: wa yake cin ribar wannan ƙarfi, kuma wa yake biyan kuɗinsa? Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Allah ne mafi sani.