Kogin Binuwai a Garwa: abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya shiga ruwa

Kogin Binuwai yana tasowa ne daga tsaunukan Adamawa a Kamaru, ya ratsa Garwa, ya shiga Najeriya ta Yola, sannan ya haɗu da kogin Neja a Lokoja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. Baƙon da ya zo Garwa da rani zai tarar da ruwa kwance, yashi ya fito, yara na wanka a gefe. Wannan lafawar ce ke yaudarar wanda bai san kogin ba.

Zurfi da ƙarfin ruwa

Ƙasan kogin yashi ne da ke sauya wuri kowace damina. Inda ruwa ya tsaya a gwiwa bara, bana yana iya shanye mutum. Ramukan da masu haƙar yashi ke bari ba a ganin su daga sama. A watannin Agusta da Satumba kogin kan cika ya batse, ya ɗauko itatuwa masu iya kifar da kwalekwale.

Madatsar Lagdo

An kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, tana sama da Garwa. Idan aka buɗe ƙofofinta, ruwa kan ƙaru ko da ba a yi ruwan sama a inda mutum yake ba. An saki ruwanta a 2012 da 2022, shekarun da aka yi mummunar ambaliya a garuruwan bakin Binuwai.

Dorina da kada

Dorina kan nutse har kusan minti biyar, don haka rashin ganinta ba ya nuna ba ta nan. Da dare take fitowa kiwo, kuma haɗari ne a shiga tsakaninta da ruwa, musamman mai ɗa. Akwai kuma kada a wuraren da ba mutane.

Tsargiya

Ruwan da ke kwance a gefe yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka a kogi ya je asibiti.

Matakan kariya

A tambayi masunta da matuƙa kwalekwale kafin a taka ruwa, a yi wanka a mashigin da 'yan gari ke amfani da shi kawai. Kada a hau kwalekwalen da aka cika wa kaya, kada a tsallaka bayan magariba, a sa rigar kariya in akwai. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya bi shi yana karkata zuwa gaɓa. Mai ceto ya miƙa gora ko igiya maimakon faɗawa ciki, domin ruwa kan ci gwani ma, balle baƙo.