Zamanin da Jordi ya koma Jorge a takarda

A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya an yi zamanin da uba zai raɗa wa ɗansa suna, hukuma ta ƙi rubutawa. A 1938 gwamnatin Janar Franko ta hana rajistar sunan da ba na Sifaniyanci ba. Sai Jordi ya koma Jorge a takardar haihuwa, alhali a gida Jordi ake kiransa. Asalin sunan Girkanci ne, ma'anarsa manomi, kuma sunan waliyyin yankin ne da ake bikinsa ranar 23 ga Afrilu. Mata kuwa akwai Montserrat, sunan wani dutse mai kama da haƙoran zarto kusa da Basalona. Sai a 1977, bayan mutuwar Franko, aka sauya dokar.