Haruffa masu takalmi da marasa takalmi

Waɗanda suka halarci zamanmu na ƙarshe sun ga yadda muhawara ta ɓarke a kan katin gayyatar taron shekara. Dattawa suka ce a buga shi da haruffa masu kamala irin na takardun gwamnati, matasa suka ce wancan salon ya tsufa, a yi da irin na waya. Da muka kai aikin wani shagon buga takardu a Gashuwa, kati ya fito ba yadda kowa ya so ba: duk inda ƙ ko ɗ ya kamata ya zauna, wani ɗan akwati ne ya zauna. Mai shagon ya gyara ta hanyar cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, sai ga mu muna "maraba da manyan baki". Wani dattijo ya karanta, ya shafa bakinsa, ya ce to shi dai an gayyace shi.

Abin da ake jayayya a kai tsohon zance ne a wajen masu ɗab'i. Haruffan boko gida biyu ne. Akwai masu 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane zane, kamar sun sa takalmi, Turawa na kiransu serif. Sarkinsu shi ne Times New Roman, wanda aka zana wa jaridar The Times ta Landan a 1932. Akwai kuma masu tafiya ƙafa a ƙasa, irin su Arial na 1982 da yayansa Helvetica, wanda aka ƙera a 1957 kusa da birnin Basel na ƙasar Suwizalan. A Basel ɗin nan aka haifi Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912.

Mu dai matsalarmu ta ƙugiya ce tun asali, domin baƙaƙen Turawa ba su da gurbin ɓ da ɗ da ƙ. Marubutan farko kowa da dabararsa, wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya masa waƙafi a ka, wani ya bar mai karatu ya yi ta canka. A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsunan Afirka a Landan, inda Bajamushe Diedrich Westermann ya jagoranci tsara haruffa na musamman domin sautukan da Turanci ba shi da su. A shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da masu ƙugiyar nan. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Malam Abubakar Imam na edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. A lokacin kowane harafi ɗan guntun dalma ne, sai an zuba shi a ma'auni kafin ya samu, saboda haka ƙara harafi uku kuɗi ne da wahala. Duk da haka aka yi. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Nguru tun 1930, kuma wanda ya taɓa ganin tsoffin littattafan yaƙi da jahilci a akwatin kakansa ya san ƙugiyoyin nan sun zo yankinmu da daɗewa.

Sai tafireta ta mayar da hannun agogo baya. Yawancin waɗanda ke ofisoshin En'e da na ƙaramar hukuma don Turanci aka ƙera su. Akawu mai tsantseni idan ya gama bugawa sai ya ɗauki biro ya bi layi layi yana lanƙwasa kawunan haruffa. Malalaci kuwa ya bar fada da faɗa su zama abu ɗaya, ka rasa ko gaisuwa aka kira ka ko dambe. Maƙwabtanmu na Nijar ma suka ƙara nasu, suna rubuta ƴ inda mu muke sa 'y.

Kwamfuta ta zo da gyara a takarda, domin tsarin Unicode ya ba haruffanmu lambobi tun farkon shekarun 1990. Amma lamba daban, zane daban. Idan salon da ka zaɓa ba a zana masa ƙ ba, na'ura ko dai ta aro daga wani salon, ka ga harafi ɗaya sanye da takalmi a tsakiyar marasa takalmi kamar ango a cikin masunta, ko kuma ta ajiye akwatin nan da ya ɓata mana kati. Masu sana'ar suna kiran akwatin tofu, wato awara, shi ya sa Google ya raɗa wa nasa salon suna Noto, ma'ana babu awara.

Kada a ɗauka zancen salo wasa ne kawai. A Pakistan a 2017, masu bincike sun tuhumi wata takardar iyalan Firaminista Nawaz Sharif mai kwanan watan 2006, saboda an buga ta da Calibri, salon da bai shiga hannun jama'a sosai ba sai 2007. Masu sayen fili da tsohuwar takarda, a kula.

'Yan uwanmu masu rubuta Badanci nauyinsu ya fi namu, domin ban da ƙugiya suna da ə, wato e da aka kifa. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka, wanda ya yi shekaru yana aikin Badanci da Ngizimanci, an san shi a nan da Malam Takalmi, domin abin da sunansa ke nufi ke nan da Jamusanci.

Game da kati, kwamiti ya raba gardama: kanun zai fito ba takalmi don matasa, jikin wasiƙar da takalmi don dattawa. Mun kuma gaya wa mai shagon ba za mu biya ba sai mun ƙirga ƙugiyoyinmu sun cika. Wanda ke da sanarwar da yake so a saka, ya turo kafin Alhamis.