Ɗan Sanda da Ɓarawo a kan Giraf: Wasan da ke Auna Siffar Taswira

Akwai wasan da masana lissafi suka shafe sama da shekara 40 suna nazari, kuma dokokinsa ba su fi ƙarfin yaro ba. Ana zana ɗigo-ɗigo a haɗa wasunsu da layuka, abin da ake kira giraf. Ɗan sanda ya zaɓi ɗigon da zai tsaya, ɓarawo ya zaɓi nasa, sai su riƙa motsi bi da bi: kowa ya taka layi ɗaya zuwa maƙwabcin ɗigo ko ya tsaya inda yake, suna ganin juna. Idan ɗan sanda ya sauka a ɗigon da ɓarawo yake, ya ci. Idan ɓarawo zai iya zillewa har abada, nasara tasa ce. Alain Quilliot ya fara tsara wasan a kundin digirinsa a Faransa a 1978, sannan Richard Nowakowski da Peter Winkler suka sake gano shi da kansu a 1983. Matsayina shi ne darajar wannan bincike tana cikin abin da yake bayyanawa game da ginin giraf, domin siffar taswira ce ke yanke hukuncin wasan tun kafin kowa ya ɗaga ƙafa.

Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma a nan akwai taswirar da ranar mai kaya ba ta zuwa. A giraf mai siffar bishiya, inda babu hanyar zagaye, ɗan sanda ɗaya ya isa, don ɓarawo zai yi ta ja da baya har ya ƙure a ƙarshen reshe. A zobe mai ɗigo huɗu kuwa, sai dai su yi ta kewaya. Masanan farko sun fayyace iyakar da ke tsakanin waɗannan biyu. Sun lura cewa kafin a kama ɓarawo dole ya shiga lungu, wato ɗigon da duk mafitarsa ke hannun wani ɗigo maƙwabci. Suka tabbatar cewa ɗan sanda ɗaya yana cin wasa ne kawai idan za a iya cire irin waɗannan lunguna ɗaya bayan ɗaya har ɗigo guda ya rage. Tambayar da ta fara a matsayin dabarar kora ta koma tambaya kan yadda ake warware giraf.

A 1984 Martin Aigner da Michael Fromme suka yi tambaya kan mafi ƙarancin 'yan sandan da ke isa a kowane giraf. Amsarsu game da giraf ɗin da za a iya zanawa a takarda ba tare da layuka sun gitta juna ba tana da ban mamaki: uku sun isa, ko ɗigon goma ne ko miliyan goma. Hujjar ta cancanci a tsaya a kanta. A ɗauki gajeriyar hanya tsakanin ɗigo biyu. Duk inda ɓarawo yake, a ƙirga nisansa daga farkon hanyar, a sa alama a kan hanyar daidai wannan nisa, ko a ƙarshenta idan nisan ya zarce tsawonta. Alamar ita ce inuwarsa. Taku ɗaya na ɓarawo ba ya matsar da inuwar fiye da taku ɗaya, don haka ɗan sanda zai cim mata ya kuma manne mata. Ranar da ɓarawo ya taka hanyar, ya taka inuwarsa ke nan, sai kamu. Da haka mutum ɗaya ke tsare doguwar hanya gaba ɗayanta. A shimfiɗaɗɗiyar takarda hanyoyi biyu da suka haɗu a baki da baki suna zama katanga, ɗan sanda na uku kuma ya shiga ya tsaga filin, ana rage yankin ɓarawo har ya ƙare. Shimfiɗar takardar ce ta ba da nasarar, shi ya sa aka ci gaba da tambaya kan wasu shimfiɗu, har Florian Lehner ya nuna a 2021 cewa uku sun isa a kan shimfiɗa mai siffar tayar mota.

Ɓarawo ma ginin giraf ne ke cetonsa. Giraf ɗin Petersen yana da ɗigo 10 da layi 15, kowane ɗigo da maƙwabta uku, kuma babu zoben da ya gaza ɗigo biyar. Saboda rashin gajeren zobe, ɗan sanda ɗaya ba ya iya toshe fiye da ƙofa ɗaya daga ƙofofin ɓarawo uku; biyu su toshe biyu, ta ukun tana buɗe kullum. Da aka faɗaɗa wannan dabara, an gina giraf mai ɗigo n da ke buƙatar 'yan sanda gwargwadon saiwar n, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da n. Henri Meyniel ya yi hasashe a 1985, Peter Frankl ya buga shi a 1987, cewa babu giraf mai haɗe da zai buƙaci fiye da wannan gwargwado, sai dai a ninka shi da wata tsayayyar lamba. Paweł Prałat da Nick Wormald sun tabbatar da hasashen ga giraf ɗin da aka gina ta hanyar ƙuri'a, amma ga kowane giraf har yau yana buɗe. Mafi kyawun sakamako, na Lu da Peng, da Scott da Sudakov, da Frieze da abokansa wajen 2011 da 2012, yana nesa ƙwarai da abin da ake nema.

Za a ce wannan wasan yara ne, domin ɓarawon gaske ba ya jiran bi da bi, ba ya kuma bari a gan shi. Ƙorafin gaskiya ne idan ana neman littafin koyar da sintiri, kuma masu tallata fannin da alkawarin tsaron birane suna wuce gona da iri. Sai dai duk lokacin da aka sauya dokokin, wani ma'aunin gini ne ke fitowa. Torrence Parsons, a shekarun 1970, ya yi nazarin neman wanda ba a gani a cikin kogo mai rassa, tambayar da ta samo asali daga masu shiga koguna. Paul Seymour da Robin Thomas a 1993 suka ba 'yan sanda jirgi mai saukar ungulu, suka ba ɓarawo gudu marar iyaka, sai adadin da ake buƙata ya zo daidai da ma'aunin kusancin giraf da bishiya, da ƙarin ɗaya. Wannan ma'auni yana daga cikin manyan abubuwan da ke nuna ko kwamfuta za ta iya warware matsala mai wuya a kan giraf cikin sauri. Abin da masu kimiyyar kwamfuta suka dogara da shi, ashe wasan kora yana auna shi.

Wani kuma zai ce tunda giraf yana da iyaka, a bar wa kwamfuta ta gwada duk motsi. Hakan na yiwuwa idan 'yan sandan biyu ne ko uku, amma yawan yanayin wasan yana ninkuwa da kowane ƙarin mutum. William Kinnersley ya tabbatar a 2015 cewa matsalar tana cikin ajin da babu wata hanyar lissafi mai sauri da za ta warware shi baki ɗaya. Ko da na'ura ta amsa kan giraf dubu, hasashen Meyniel magana ce kan dukkan giraf, kuma hujja kaɗai ke rufe irin wannan magana. Giɓin da ya rage yana nuna cewa har yanzu ba a fahimci yadda giraf mai ɗigo kaɗan ke iya tara wa ɓarawo mafita masu yawa ba. Ɗalibin lissafi da ke neman matsalar da zai fahimta a zama ɗaya, ya kuma yi shekaru yana aiki a kanta, ya fara da littafin Anthony Bonato da Nowakowski na 2011 kan wannan wasa.