Ƙarar Kunne da Kasalar Bayan Jinya: Me Maganin Gargajiyar Sin Ke Iya Yi?

Ƙarar kunne ita ce mutum ya riƙa jin sauti a kunnensa ko cikin kansa alhali babu abin da ke yin sautin a waje. Wani yakan ji kamar kukan gyare, wani kamar fito, wani kuma kamar ƙugin inji daga nesa. Wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ita, wato sama da mutum miliyan 740. Tun bayan annobar korona, an samu masu cewa ƙarar ta same su ne bayan sun tashi daga jinya, tare da gajiyar da ba ta wucewa, da rashin barci, da yawan mantuwa. Da yake asibiti ba shi da ƙwaya guda da ke kashe wannan ƙara, da yawa sukan juya ga likitancin gargajiya na ƙasar Sin, musamman jinyar soka siraran allurai a jiki, wadda ake kira akufanca.

Sinawa suna kiran matsalar "er ming", ma'ana kukan kunne, kuma an ambace ta a littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A fahimtarsu, akwai wani ƙarfin rayuwa mai suna "qi" da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, kuma kunne ƙofa ce ta ƙoda. Sai dai "ƙoda" a nan ba tsokar da likitan tiyata ya sani kaɗai ba ce. Suna ne na taskar ƙarfin da mutum ya gada, wadda ke raguwa da tsufa ko doguwar jinya. Saboda haka sukan raba ƙarar gida biyu. Wadda ta zo farat ɗaya da ƙarfi, sau da yawa bayan fushi ko damuwa, sukan danganta ta da "wutar hanta" da ta taso sama. Wadda ta shigo a hankali, siririya, tana ƙaruwa da dare ko bayan wahala, sukan ce raunin ƙoda ne. Likitan yakan duba harshe, ya taɓa bugun jini a wuyan hannu, sannan ya yanke hukunci.

Daga nan sai allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabe 361 da ake sokawa. Ga mai ƙarar kunne, an fi amfani da uku da ke jere a gaban kunne, wato Ermen da Tinggong da Tinghui, da kuma Yifeng a bayan fatar kunne, wani lokaci har da Taixi a idon sawu. Alluran ba su ɗauke da magani, kuma akan bar su a jiki minti 20 zuwa 30. Akan haɗa da ɗumama gurbin da hayaƙin wani ganye dangin tazargade, ko kuma ƙaho, wanda bai bambanta sosai da na wanzamanmu ba.

Game da abin da zazzaɓi ke bari a jiki kuwa, Sinawa sun daɗe suna rubutu. Zhang Zhongjing ya rubuta littafin Shanghan Lun a kan cututtukan zazzaɓi wajen shekara ta 200 Miladiyya, kuma Wu Youke ya rubuta nasa a kan annoba a 1642. A wannan makaranta, kasalar bayan jinya alama ce ta cewa cutar ta cinye ƙarfin huhu da saifa, ko kuma ragowarta ta maƙale ba ta fita ba. Sukan ba da haɗin saiwoyi da suka ƙunshi huangqi ko jinsen domin maido da ƙarfi.

Tsufan ilimi ba ya tabbatar da ingancinsa, don haka masana suka gwada. Hanyar da suka bi ita ce raba marasa lafiya kashi biyu, a yi wa wasu allurar gaske, wasu kuma allurar bogi wadda ba ta huda fata ko wadda aka soka a gurbin da ba nata ba. A kan ƙarar kunne, sakamakon bai ƙarfafa gwiwa ba. Gwaje-gwajen da suka nuna nasara galibi ƙanana ne masu raunin tsari, waɗanda aka tsara da kyau kuma ba su nuna bambanci mai yawa tsakanin allurar gaske da ta bogi ba. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar a 2014, ta ce hujjar ba ta isa a ba da shawarar yin akufanca ko barinta ba. A kan ganyen ginkgo, wanda ake tallatawa sosai a matsayin maganin ƙarar kunne, ta fito fili ta ce kada likitoci su ba da shawarar shan sa. Abin da ta amince da shi shi ne na'urar taimaka wa ji ga wanda jinsa ya ragu, da jinyar tattaunawa wadda ke koya wa mutum rage damuwar da ƙarar ke jawo masa.

Wannan bai nuna cewa akufanca ba ta da amfani sam ba. A 2021 hukumar NICE ta Birtaniya ta amince da ita ga wasu masu ciwon jiki na dindindin. Kuma wanda ya ce ya samu barci bayan zaman allura ba ƙarya yake yi ba; damuwa da rashin barci suna ƙara wa ƙarar tsanani, duk abin da ya kwantar da hankali zai iya sa a rage jin ta. Amma sauƙin damuwa daban, gyaran kunne daban. A mafi yawan lokuta ƙarar tana tasowa ne daga lalacewar ƙananan gashin da ke ɗaukar sauti a can cikin kunne, kuma ba su sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Haka batun yake ga doguwar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Oktoban 2021 da alamomin da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu ba tare da wani dalili ba: binciken akufanca a kanta ƙanana ne, ba su kai a gina hukunci a kansu ba.

Haɗarin da ya fi girma shi ne jinkiri. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko da ƙara ko babu, yana buƙatar likitan kunne cikin kwanaki, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a makonni biyun farko. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, saboda zazzaɓin Lassa yakan taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Hangum da ƙyanda ma sukan lalata ji. Ƙarar da ke bugawa daidai da bugun zuciya, ko wadda ta zo da jiri mai tsanani ko karkacewar fuska, ita ma ta asibiti ce. Wani lokaci kuma dalilin mai sauƙi ne: dauɗar kunne, ko ƙarar janareta da injin niƙa, ko magunguna irin su kwinin, da asfirin mai yawa, da allurar gentamicin.

Saiwoyin ma suna da nasu hatsarin. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wa tsiron aristolochia. Amurka ta haramta sayar da kayan ƙarin kuzari masu ɗauke da ma huang a 2004 saboda illarsa ga zuciya, kuma yana cikin sinadaran Lianhua Qingwen da aka yi ta rabawa lokacin korona. Ginkgo da danshen suna iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Wanda ya zaɓi gwada akufanca bayan an auna jinsa, ya tabbata an buɗe sabbin allurai a gabansa, domin tsohuwar allura tana yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Mai juna biyu da mai matsalar daskarewar jini su faɗa tun kafin a fara. Duk wani haɗin da aka ba shi ya duba lambar NAFDAC a jikinsa, ya kuma kai wa likitansa kwalbar ya gani.