Yadda Labarin Yaƙi Ke Isa Ƙasar Kazaure

Masu kuka da sharhin rediyo kan yaƙi da siyasa sukan ɗauka cewa mutumin karkara duk abin da aka zuba masa a kunne haɗiyewa yake yi. Tarihin ƙasar Kazaure bai goyi bayan wannan zato ba. Masarautar kanta daga rikici ta fito: bayan Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗan Tunku, wanda ya kafa ta, ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta gwabzawa har Sakkwato ta amince Kazaure ta tsaya da ƙafarta. A wancan zamani labarin yaƙi ta baki uku yake zuwa: sankira mai shelar abin da fada ke so a ji, maroƙi mai ƙara gishiri don a jefa masa riga, da fatake masu bin hanyar Kano zuwa Daura, waɗanda suka ga ƙonannen ƙauye da idonsu. Mutumin da ƙaryar labari za ta iya jawo masa asarar rumbu ko kamun bauta, dole ya koyi auna maganar wannan da ta wancan.

Zuwan takarda bai kashe wannan ɗabi'a ba. An kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma ta cikinta Arewa ta bi yaƙin Hitila, wanda ya kwashi samarinta har Bama. Da yake masu karatun boko kaɗan ne, mutum ɗaya ke karantawa a zaure, saura su yi ta musu. Da rediyo ta zo, sashen Hausa na BBC a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka a 1979, sai ta tarar da majalisa a shirye. Manomi ya ɗinka wa akwatinsa gidan fata ya rataya a kafaɗa, batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana ko zai ƙara kwana ɗaya. A teburin mai shayi kuwa, Landan na gamawa wani zai ce a murɗo Jamus a ji ta bakinsu. Wannan murɗawa ita ce tsohon awon nan na sankira da fatake.

Za a ce to, ina awon ya shiga a 1966? Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Bayan Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34, mai soke tsarin tarayya, a watan Mayu, an kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, aka sake yi da muni a ƙarshen Satumba bayan an yaɗa rahoton Rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. An daɗe ana zargin Rediyon Kaduna da jaridar New Nigerian da rura wutar. Ba na wanke kowa. Amma a lura da yanayin: jinin Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da sojoji suka kashe a farkon shekarar, bai bushe a zukata ba, muryoyin gida duk sun karkata gefe guda, babu ta biyu da za a ɗora a sikeli. A ganina abin da ya faru shaida ce kan hatsarin murya ɗaya, ba kan wautar mai sauraro ba.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sake nuna cewa mai sauraro ba wawa ba ne. Da ECOWAS ta yi barazanar kai sojoji aka rufe iyaka, mutumin Babura da ke bakin iyakar ba ya buƙatar masharhanci daga Abuja ya faɗa masa ma'anar abin, domin kasuwarsa ce ta mutu, danginsa kuma suna tsallake. Abin da ya sauya shi ne gane mai magana. Sankira kowa ya san bakin wa yake ɗauke da shi. Sojan baka da ya sayi fili a rediyon Kano ba lallai ya faɗi wanda ya biya kuɗin ba, muryar da ke yawo a WhatsApp kuwa ko suna ba ta da shi. A tsallaken iyaka kuwa, muryoyin da za a ɗora a sikeli ne suka ragu: gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024.