Ramin Albategnius: Yadda Malamin Raƙƙa Ya Ture Sarkin Daula a Doron Wata

Idan wata ya kwana bakwai ko takwas, rabinsa haske rabinsa duhu, layin da ya raba biyun yakan ratsa tsakiyar fuskarsa. A kan wannan layi ne gari ke wayewa a can, don haka kowane tudu yana jan doguwar inuwa, kowane kwari kuma baƙi ƙirin. Mai ƙaramin madubin hangen nesa, in ya bi layin ya ɗan gangara kudu da tsakiya, zai ci karo da wani ƙaton zoben duwatsu da tsauni guda a tsaye cikinsa, ƙololuwar ta kama hasken rana tun gindin yana cikin dare. Sunan wurin a taswira Albategnius, wato yadda marubutan Latin suka iya furta sunan Muhammad bin Jabir al-Battani, masanin falakin da ya rasu a shekarar 929. Sai dai ba shi aka fara raɗa wa ramin ba. Kafin shi wani sarkin daula ya zauna a wurin.

Faɗin ramin ya kai kilomita 130, zurfinsa kuwa kilomita 4 da ɗoriya. Faɗin ya ninka zurfin wajen sau talatin ke nan, don haka siffarsa ta faranti ce mai ɗan tudun baki. Da mutum zai tsaya a tsakiyar filin, da ƙyar zai gane a cikin rami yake. Wata ƙarami ne, ƙasarsa tana saurin lanƙwasa; ganuwar na can nesa da shi kilomita 65, fiye da kilomita guda na gindinta ya ɓuya a bayan doron ƙasa, abin da zai hango sai jerin tuddai ƙasa-ƙasa a ƙarshen gani. Ganuwar ba da'ira ce cikakkiya ba, ta fi karkata ga kusurwa shida, ta fi tsayi ta arewa maso gabas. Ta yamma kuwa wani rami ya fasa ta ya zauna daram, mai faɗin kilomita 44, wanda daga baya aka ba shi sunan Bajamushen masani Hermann Klein. Tsaunin tsakiya ya tashi kimanin kilomita ɗaya da rabi, bai zauna daidai a cibiya ba, ya ɗan matsa yamma, kuma a ƙololuwarsa akwai wani ɗan mitsitsin rami da masu madubi ke gwada kaifin na'urarsu da shi.

Wani ƙaton dutse ne daga sararin samaniya ya faɗo ya haƙa wurin, kimanin shekara biliyan 3.9 da suka wuce. Ƙarfin bugun ya danne ƙasa, ƙasar ta yunƙuro ta dawo sama, abin da ya yunƙuron shi ne tsaunin tsakiya. Bayan haka wani bugu da ya fi wannan nesa ba kusa ba ya haƙa babban kwarin Imbrium can arewa maso yamma, ya watso duwatsu suka yi ta jan ƙasa suna karce ganuwar Albategnius. Tabon yana nan: kwaruruka dogaye a jere, duka suna nuna inda suka fito. Wannan bayani ya daɗe bai samu karɓuwa ba. Tun a 1665 Robert Hooke na Ingila ya zana ramin Hipparchus, maƙwabcin Albategnius ta arewa, ya riƙa jefa harsashi cikin kwaɓaɓɓen yumɓu yana ganin ramuka masu kama da na wata suna fitowa, amma ya bar ra'ayin domin ya rasa inda abin jifan zai fito. Galibin masana suka ci gaba da jingina ramukan ga aman wuta, har Ba'amurke Grove Gilbert ya tsaya kan maganar faɗowar duwatsu a 1893, shi ne kuma ya bayyana waɗancan karce-karcen na Imbrium. Duk da haka sai da aka kai zamanin zuwa wata kafin gardamar ta mutu.

Wanda ya fara kai labarin ramin ga jama'a bai ba shi suna ba ko kaɗan. A ƙarshen 1609 Galileo ya ɗaga madubin da ya haɗa da hannunsa a birnin Fadua na Italiya, a watan Maris na 1610 kuma ya fitar da ɗan littafinsa Sidereus Nuncius. A cikin zanensa akwai wani rami kewayayye a kan layin haske da duhu, ɗan ƙasa da tsakiya, wanda ya kamanta da ƙasar Bohemiya da duwatsu suka yi wa ƙawanya. Masu bin diddigin zanen, irin su Ewen Whitaker, sun tafi a kan cewa Albategnius ne. Galileo ya zuzuta girmansa a takarda fiye da yadda yake, kuma ina ganin da gangan ne. Malaman zamaninsa sun gada daga Aristotal cewa wata sumul yake babu tudu babu gangare, shi kuwa so yake mai karatu ya ga inuwar ganuwa da idonsa, ta yadda babu sauran musu.

Rabon suna ya fara ne a 1645. Michael van Langren, mai yi wa Sarki Filibus na Huɗu na Sifaniya aikin taswira, yana da wata dabara a ransa: in an san lokacin da rana ke haska kowace ƙololuwa a wata, matuƙan jiragen ruwa za su iya amfani da hakan su gane nisan da suka yi gabas ko yamma. Dabarar na buƙatar kowane wuri ya sami suna, sai ya raba sunaye sama da 300. Ya kuma san inda abincinsa ke fitowa. Fili mafi girma a fuskar wata ya zama tekun Filibus, sarakuna da sarauniyoyi da manyan fada na Katolika kowa ya sami rabonsa, wannan ramin kuma ya faɗa hannun Ferdinand na Uku, sarkin Daular Rum Mai Tsarki, surukin Filibus. A lokacin Yaƙin Shekara Talatin bai ƙare ba, sai a 1648. Babu yadda za a yi masanin Furotesta a Holan ko Suwidin ya ɗaga kai sama ya riƙa ambaton sarakunan da ke yaƙar ƙasarsa. Taswirar ta bi iska, ko da yake van Langren bai yi asara duka ba, don ramin da ya sa wa sunan kansa har yau Langrenus ake ce masa.

Shekara biyu bayan haka Johannes Hevelius, attajiri mai masana'antar giya a birnin Danzig, ya fitar da Selenographia. Shi ya guje wa sunayen mutane gaba ɗaya don kada ya jawo wa kansa hassada da ƙorafi. Ya kwaso sunayen duwatsu da tekuna na tsohuwar duniya da ke kewayen Bahar Rum ya shimfiɗa su a kan wata, raminmu ya zama Mons Didymus. Littafin ya yi kyau, an daɗe ana aiki da shi a arewacin Turai, amma sunayen dogaye ne, ga wuyar riƙewa. Kaɗan ne suka tsira, irin su Alpes da Apenninus.

Sai 1651, a birnin Bolonya, limamin Katolika na ɗariƙar Jesuit, Giovanni Battista Riccioli, ya buga Almagestum Novum, da taswirar da abokin aikinsa Francesco Grimaldi ya zana. Riccioli ya sallami sarakunan van Langren, ya raba ramukan ga masu aikin falaki da falsafa, ya kuma zaunar da su unguwa-unguwa. A tsakiyar wata ya sa Baɗlamiyus na Iskandariya, wato ramin Ptolemaeus, da Hipparchus. Kusa da su ya ajiye waɗanda suka ɗauki aikinsu suka gyara. Al-Battani yana gabas da Baɗlamiyus, kudu da Hipparchus. Gangarawa kudu akwai Alphonsus, da Arzachel wato al-Zarƙali na Andalus, da Thebit wato Sabit bin Ƙurra. Ta kudu maso gabas ga Abulfeda, ga Almanon wato Halifa al-Ma'amun, ga Azophi wato al-Sufi. Riccioli, wanda a rubuce ya ƙi yarda ƙasa na kewaya rana, shi ne kuma ya ba Kofanikus, mai wannan ra'ayi, ɗaya daga cikin ramuka mafi kyan gani. Masana har yau suna taƙaddama kan abin da ke zuciyarsa.

Sau da yawa akan kawo waɗannan sunaye a matsayin abin tinƙaho, a lissafo su a wuce, kamar wata kyauta ce Turawa suka yi don kara. Ban ga alamar kara a lamarin ba. Riccioli ma'aikaci ne mai neman lambobi, lambobin al-Battani kuwa suna kan teburinsa. An fassara littafin zuwa Latin tun ƙarni na 12 ta hannun Plato na Tiboli, aka buga shi a Nurembag a 1537, aka sake bugawa a 1645 a Bolonya ɗin nan, shekara shida kacal kafin taswirar. Kofanikus ma ya ambace shi sau 23 a littafinsa na 1543.

An haifi al-Battani wajen shekarar 858 a yankin Harran, kudancin Turkiyya ta yau, zuriyarsa Sabi'awa ne masu tsohuwar al'adar duban taurari, shi kuwa Musulmi ne. Ya zauna a Raƙƙa, bakin kogin Furat, ya shafe kimanin shekara arba'in, daga 877 zuwa 918, yana awon rana da wata da taurari da manyan kayan awo, babu madubi. Littafinsa, al-Zij al-Sabi', babi 57 ne, har da bayanin gano alƙibla da sharuɗɗan ganin jinjirin wata. Ya auna shekarar rana ya sami kwana 365, awa 5, minti 46 da sakan 24. Awon yau ya ɗara nasa da minti biyu da 'yan kai, na Baɗlamiyus kuwa ya zarce da fiye da minti shida. Ya mayar da karkatar hanyar rana zuwa daraja 23 da minti 35, maimakon 23 da 51 da aka gada. Ya nuna cewa girman rana a ido yana sauyawa cikin shekara, saboda haka ana iya yin husufin da wata zai kasa rufe ta duka, a bar zoben haske a gefe. Ya rasu kusa da Samarra a 317 bayan hijira, yana hanyar komawa gida daga Bagadaza, inda ya raka wasu mutanen Raƙƙa kai kukan zaluncin da aka yi musu.

Tsarin Riccioli bai ci gari a rana ɗaya ba. Ya yi ta gogayya da na Hevelius fiye da ƙarni guda, har manyan masu taswira na Jamus, Schröter sannan Beer da Mädler a shekarun 1830, suka bi shi. Kowa kuma ya yi ta ƙara nasa sunayen, har ya zama rami guda na amsa suna biyu ko uku. Wata Baturiyar Ingila, Mary Blagg, ta zauna ta tsefe ruɗanin a jerin da ta fitar a 1913, sannan ita da Karl Müller suka shirya kundin da Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta amince da shi a 1935. Daga lokacin Albategnius ya zama suna na hukuma. Sunaye irin su al-Biruni da Ibn Sina sun zo ne a 1970, bayan kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauko hoton bayan wata a 1959, Ibn Baɗuɗa kuma a 1976. Duk sun cancanta, amma waɗannan rabon kwamiti ne da ke son kowace al'umma ta sami kaso.

A kafaɗar Albategnius ta arewa maso gabas akwai wani rami mai faɗin kilomita 35, sunansa Halley. Maƙwabtakar ta yi daidai. A 1693 Edmond Halley ya buga maƙala yana gyara kurakuran da masu kwafi da masu fassara suka cusa cikin lambobin al-Battani. Da ya jera husufin da malamin ya gani a Raƙƙa da Antakiya da na mutanen da da na zamaninsa, sai ya fara zargin cewa wata yana ƙara sauri a tafiyarsa. Richard Dunthorne ya ƙididdige abin a 1749. An daɗe ana neman dalili kafin a gane cewa wani kaso nasa daga agogonmu ne: tumbatsa da janyewar teku suna rage wa ƙasa saurin juyawa, kwana yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, wata kuma yana ja da baya.

A daren 9 ga Mayu 1962, Louis Smullin da Giorgio Fiocco na jami'ar MIT a Amurka suka harba hasken leza zuwa wata. Watan bai kai rabi ba, yankin Albategnius yana cikin duhu, can suka saita, don kada hasken rana ya shanye ɗan abin da zai dawo. Cikin sakan biyu da rabi 'yan ƙwayoyin haske suka komo, karo na farko da aka yi haka da wata. Daga 1969 'yan sama jannatin Apollo 11, 14 da 15 suka ajiye madubai masu mayar da haske a can, kuma da su aka auna cewa wata na nisantar ƙasa da santimita 3.8 a kowace shekara.